Kufai da Kabari: Lacca a kan Waƙar Al-Aɗlal ta Ummu Kulsum

 

An nemi in yi magana a kan waƙar da ma'anarta ba ta fito fili ba, irin wadda mutum goma za su saurara kowa ya tashi da nasa zance. Na ga idan na tsaya jero ƙa'idoji za mu watse hannu rabbana, shi ya sa na ɗauko waƙa guda mu zauna da ita. Waƙar ita ce Al-Aɗlal, wadda Ummu Kulsum ta Masar ta fara rerawa a watan Afrilun 1966. Ba zan karanto muku baitocinta ba, domin duk mai waya a hannu zai same ta, kuma ta fi daɗi a bakin mai ita. Hukuncin kiɗa ma ba shi ya tara mu ba, wannan yana da malamansa da zaurensa. Abin da nake so mu bi shi ne wanda ake wa kuka a cikin waƙar nan, da abin da aka rasa.

Aɗlal shi ne kufai. Duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai ga waƙoƙin Jahiliyya ya san wannan wuri, domin a nan Imru'ul Ƙais da Zuhairu da Labidu da Ɗarafa suke buɗe ƙasidunsu. Mawaƙi yana cikin tafiya a kan raƙumi sai ya iso inda dangin masoyiyarsa suka taɓa sauka, ya tarar sun tashi tun shekaru. Abin da ya rage shi ne duwatsun murhu da hayaƙi ya baƙanta, da 'yar kwatar da aka haƙa a kewayen tanti don kada ruwa ya shiga, da kashin barewa a inda a da ake shimfiɗa tabarma. Sai ya tsayar da abokan tafiyarsa, ya yi wa wurin tambaya, wurin ya ƙi amsawa, ya yi kuka, sannan ya hau ya ci gaba. Mu ma mun san kufai a ƙasarmu: kukar da ta rage tsaye ita kaɗai, rijiyar da ta rufta, tsingaro a cikin kunya idan manomi ya kai garma. Ibnu Ƙutaiba, a littafinsa na waƙa da mawaƙa, ya yi bayanin dalilin wannan buɗi. A ganinsa mawaƙi yana farawa da kufai da bege ne domin ya kamo zukatan masu sauraro, tunda babu wanda so bai taɓa ba, idan ya ga sun ba shi kunne sai ya shiga abin da ya kawo shi.

To a nan shubuhar ta samo asali. Tun fil azal kukan kufai ƙofa ce ta shiga wata magana. Ka'abu ɗan Zuhairu ya tsaya gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buɗe da tafiyar Su'adu, alhali neman afuwa da yabo suka kawo shi. Busiri ya buɗe Burda, wadda ake karantawa a masallatanmu da mauludanmu, da tunawa da maƙwabtan da suka yi nisa da hawayen da ya gauraya da jini, sai can a gaba mai sauraro ya gane wanda ake bege. Saboda haka kunnen Balarabe, da kunnen duk wanda ya sha wannan ruwa, ya saba da jin waƙar so yana jiran wata fuska ta ɓullo daga bayanta. Ummu Kulsum ba ta ƙirƙiri wannan jira ba. Gadonsa ta tarar.

Wanda ya rubuta baitocin likita ne, sunansa Ibrahim Naji. An haife shi a Alƙahira a 1898, ya yi karatun likitanci, ya kuma shiga ƙungiyar mawaƙan Apollo da Ahmad Zaki Abu Shadi ya kafa a 1932, waɗanda suka karkata ga waƙar da ke fitowa daga cikin ran mutum maimakon yabon sarakuna da pasha-pasha. Diwaninsa na farko ya fito a 1934, marubuci Ɗaha Husaini kuma ya yi masa suka mai zafi, wadda ta daɗe tana cin mutumin. Ya rasu a 1953. Ku riƙe wannan shekara, za mu buƙace ta: shekara 13 ke nan kafin a rera waƙar. Naji bai taɓa jin ta ba.

Ƙasidar da ya bari doguwa ce, ta haura baiti 100, kuma ya sa mata 'yar gabatarwa ta zube inda ya nuna cewa kufan da yake nufi ba fili ba ne mai duwatsun murhu. Mutum biyu ne da suka so juna abin ya lalace, ita jikinta ya zama kufai, shi kuma ruhinsa. Wannan shi ne sabon abin da ya kawo. Imru'ul Ƙais yana iya hawa raƙuminsa ya bar kufai a baya. Naji ba shi da inda za shi, domin kufan yana cikin rigarsa.

Waƙar da duniya ta sani kuwa ba wannan ƙasidar ba ce yadda ya bar ta. An ɗebi kimanin baiti 30 ne kawai, kuma masu tarihin Ummu Kulsum sun ruwaito cewa ita da Ahmad Rami, mawaƙin da ya fi kowa rubuta mata, suka yi zaɓen. Ba su tsaya a yanka ba. Sun je wata ƙasidar Naji dabam, mai suna Al-Wada'u, wato ban kwana, suka ciro wasu baitoci suka dasa a tsakiya. Abin da ya sa dashen ya kama shi ne ƙasidun biyu duk a karin ramal suke, kunne ba ya jin ɗinkin. Wurin da jama'a suka fi tashi tsaye a kai, inda ake tuna daren da masoyan biyu suka yi cikin farin ciki kamar yara kafin asuba ta raba su, daga wannan ƙasida ta biyu ya fito. Sun kuma taɓa wasu kalmomi. Mafi girma a cikin taɓawar yana a baitin farko: a wurin Naji, mawaƙi yana yi wa son addu'a irin wadda ake yi wa mamaci, a bakin Ummu Kulsum kuma sai aka mayar da shi hani, ana hana zuciya neman inda son ya nufa. Zan dawo kan wannan, domin a ganina a nan waƙar take kwance.

Sannan ga hannu na uku, Riyad al-Sunbaɗi, gwanin molon Larabawa da ake kira ud, wanda shi ya saba yi mata karin ƙasidun Larabcin fusha. Shi ya yi mata Nahjul Burda da Salu Ƙalbi na Ahmad Shauƙi a 1946, da Ruba'iyyat na Umar Khayyam da Rami ya fassara. Ya ɗora Al-Aɗlal a kan maƙamin huzam, ya ba ta nauyi da natsuwa irin na waɗancan ƙasidun addini. Ita kanta mai rerawar 'yar limamin ƙauye ce daga Ɗamayi al-Zahayira a lardin Daƙahliyya, wadda ta fara waƙa a wuraren mauludi tana sanye da kayan yara maza, kuma a wurin mahaifinta da malaman karatu ta koyi fitar da harafi daga mafitarsa. Duk wanda ya ji yadda take furta ƙaf da ɗad ya san makarantar da ta fito. Kun ga ke nan kafin mai sauraro ya kai ga ma'ana, sauti ya riga ya gaya masa cewa maganar da ake yi babba ce, ta wuce saurayi da budurwa a bakin famfo.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Namiji ya rubuta a kan mace, amma bisa tsohuwar al'adar waƙar Larabci ya yi amfani da lamirin namiji ga abin so a wurare da dama. Da mace ta ɗauka ta rera, sai lamirin ya zauna daram a wata fuskar: mace ce ke magana da namiji. Babu suna, babu gari, babu shekara, babu dalilin rabuwa. Duk abin da zai ɗaure waƙar a jikin mutum ɗaya an share shi.

Da irin wannan fili a buɗe, ba mamaki masu fassara su yi yawa.

Na farko su ne masu neman matar. A Masar an daɗe ana wannan cece-kuce. 'Yar wasan kwaikwayo Zuzu Hamdi al-Hakim ta ce don ita aka yi, har ta ce a kan takardun rubuta magani likitan yake rubuto mata baitocin. Wasu matan ma sun yi irin wannan iƙirari. Abokin likitan, Salih Jaudat, kuma ya nuna cewa wata ce da Naji ya so tun yana matashi, aka aurar da ita ga wani. Ba zan daɗe a nan ba. Ko da yau an kawo mana takardar maganin da sa hannunsa, ba ta bayyana mana abin da ya sa direban tasi a Kazabalanka ko tela a Umdurman yake kashe magana idan waƙar ta zo. Kuma mun riga mun ga cewa waƙar haɗin ƙasidu biyu ce, waɗanda ba a lokaci guda aka rubuta su ba.

Akwai masu jan ta zuwa ga bege na Sufaye, su ce abin son nan da aka siffanta da kwarjini da ɗaukaka da tafiya irin ta sarki ba ɗan'adam ba ne, mayen da ake ambata kuma mayen zikiri ne. Na fahimci abin da ya ja su, tunda mun ga yadda Burda take buɗewa, kuma muryar da ta rera Nahjul Burda ita ce dai wannan. Amma ina ganin fassarar ba ta tsayuwa, kuma dalilina yana cikin waƙar. A tsakiyarta mai magana yana tuhumar abin sonsa da saɓa alkawari, yana kuma tambayar amfanin riƙe amanar da ɗaya ɓangaren ya yar. Mai begen Allah ko begen Manzo yana kuka da nisa, yana kuka da zunubinsa, yana kuka da hijabin da ke tsakani, amma ba ya cewa an ci amanarsa. Ƙa'idar da nake bi ke nan a kowace waƙa: fassarar da za ta rayu sai ta bi waƙar daga baitin farko har na ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Wadda sai an rufe ido a kan baiti uku kafin ta yi daidai, son ran mai fassara ce.

Fassarar siyasa ita ce mai ƙarfi, kuma ita ta cancanci mu zauna a kanta. A cikin waƙar akwai wurin da mai magana yake neman a sake shi, a kwance masa ɗaurin da ya yi wa hannunsa rauni, yana cewa ya ba da duk abin da yake da shi bai rage komai ba. Ku tuna da Masar ta 1966. Tun 1965 ake kame 'Yan'uwa Musulmi, gidajen yari sun cika, kuma a watan Agustan 1966 aka rataye Sayyid Ƙuɗub. Ƙasa ce da ba a iya faɗin wasu abubuwa a bainar jama'a. Sai ga mace mafi girman murya a ƙasar, a daren Alhamis na farkon wata da rediyo ke ɗaukar taronta kai tsaye, tana maimaita neman saki sau bayan sau, zaure yana amsawa da ihu. Wasu sun ji kukan fursuna. Mata da yawa sun ji kukan matar da aka riƙe a auren da ya mutu. Abin mamaki kuma, 'yan baitoci kaɗan a gaba, inda ake siffanta abin so da tafiyar ƙasaita, wasu sun ce shugaban ƙasa Jamal Abdul Nasir ake nufi, kuma yabo ne. Waƙa ɗaya, dare ɗaya, mai ƙin gwamnati da mai sonta duk sun tafi gida da rabonsu.

Sai yaƙin Yunin 1967 ya zo. Cikin kwana shida Masar ta rasa Sina'i da Gaza, aka ragargaza jiragen yaƙinta tun suna ƙasa, Nasir ya fito a ranar 9 ga wata ya ce ya sauka, jama'a suka cika tituna suka ce bai isa ba. Waƙar da ke cewa so wani dogon gini ne na mafarki da ya rushe, wata 14 kacal da fitowarta, sai ta zama kamar don wannan rana aka yi ta. Ummu Kulsum ta shiga yawon tara kuɗi don sake gina rundunar ƙasarta. A Nuwamban 1967 ta yi dare biyu a zauren Olympia na birnin Paris, inda ta rera Al-Aɗlal a gaban Larabawan da suka taho daga ko'ina cikin Turai, daga baya ta je Maroko da Tunisiya da Libiya da Lebanon da Kuwait, ta je Sudan a ƙarshen 1968.

Me za mu ce da wannan fassara? Idan ana nufin Naji ya rubuta a kan Nasir ko a kan Sina'i, to shekarar rasuwarsa ta raba gardama. Idan ana nufin Ummu Kulsum ta ɓoye suka ga gwamnati a cikin waƙar, tarihinta bai goyi bayan haka ba, domin ta tsaya wa Nasir da muryarta da dukiyarta har ya mutu a 1970. Amma ba zan ce jama'ar da suka ji ƙasarsu a cikin waƙar sun yi kuskure ba. Sun taɓa yin haka da ita: a 1946, lokacin da sojojin Ingila ke zaune a Masar, wani baiti na Salu Ƙalbi, wadda ƙasidar mauludi ce, ya zama taken neman 'yanci saboda yana maganar cewa buƙata ba ta samuwa da fata kawai. Shauƙi ya rasu tun 1932, amma jama'a suka ɗauki baitin suka yi aiki da shi. Mai sauraro yana da nasa haƙƙi. Tambayar da ta dame ni ita ce, me ke cikin Al-Aɗlal da ya sa ta karɓi wannan kaya ba ta karye ba, alhali kayan Sufaye ya zame daga kanta?

Mu koma wurin neman sakin nan, mu dubi abin da ke biye da shi. Da waƙar 'yanci ce, da bayan an nemi a kwance ɗauri sai a ji tafiya, a ji ƙofa ta buɗe. Ba haka aka yi ba. Numfashi na gaba, mai maganar da ya gama cewa a sake shi, shi ne yake waige-waige yana neman inda abin son yake, yana jero kyansa da kwarjininsa, yana tuna zaman da suka yi. Sunbaɗi ya fahimci wannan sarai, domin a wurin neman sakin ya kai muryar can sama, kamar mai ƙwace hannunsa da ƙarfi, sannan ya sauko da ita cikin laushi zuwa yabon wanda ya yi ɗaurin. Wannan mutum ba a riƙe yake ba. Tuni abin son ya tafi abinsa. Shi ne ya kasa sakin igiyar, yana kuma roƙon wanda ba ya nan ya zo ya kwance shi. Ku lura kuma da wanda ake wa magana: waƙar ta buɗe ne da mutum yana magana da zuciyarsa, can kusa da ƙarshe kuma yana magana da mai kwanan zaune, wanda duk lokacin da wani rauni ya warke tunani ya fama masa wani, yana ba shi shawarar ya koyi mantuwa. Wannan mai kwanan zaunen shi ne dai mai maganar. Rabin waƙar gardama ce tsakanin mutum da kansa.

Yanzu mu dawo kan baitin farko da aka canza. Naji ya yi wa son addu'ar mamaci, wato ya binne shi. Ummu Kulsum ta ƙi binnewa, ta mayar da shi abin da ya ɓata, wanda ake hana zuciya cigiyarsa. Ba a hana mutum cigiyar abin da ya ga an sa a rami. Abin da ake hana cigiyarsa shi ne wanda yake nan a wani wuri, da ransa.

Ku dubi yadda muke yi idan mutuwa ta raba mace da mijinta. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya shigo ya ce mata ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa. Baƙin cikinta yana da suna, yana da ranaku, yana da masu taya ta ɗauka, yana da ranar fita. Amma wadda aka miƙa wa takarda bayan shekara ashirin, ko saurayin da aka ɗaura wa budurwarsa aure da wani yana ji yana gani, wa ke shimfiɗa musu tabarma? Abin da za su ji shi ne, Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ki share hawayenki, mata ba su ƙare ba. Kuma wanda suka rasa ɗin yana nan. Za a haɗu a gidan suna, za a haɗu a layin asibiti, a ce ina wuni, a ce lafiya lau, kowa ya kau da kai.

Wannan haɗuwar ita ce abin da waƙar ta fi tsoro, kuma da ita ta rufe. Baitocin ƙarshe ba sa cewa ba za a sake ganin juna ba. Suna cewa mai yiwuwa ne a gamu wata rana, sai dai a gamu kamar ba a taɓa sanin juna ba, kowa ya kama gabansa. A ganina ma'anar Al-Aɗlal ke nan: ta'aziyya ce ga wanda mamacinsa yake yawo a gari. Kabari yana da iyaka, an san wanda ke ciki, an san ba zai fito ba. Kufai kuwa mutanensa ba mutuwa suka yi ba, tashi suka yi, suna wani wuri suna hura wuta a wani murhun. Shi ya sa mawaƙan Jahiliyya suke yi wa kufai tambaya, alhali ba a tambayar kabari ina mai shi ya tafi.

Idan kun karɓi wannan, za ku ga dalilin da ya sa waƙar ta ɗauki kayan 1967. Sina'i ba ta nutse a teku ba. A lokacin, sojan Masar da ke tsaye a yammacin mashigin Suwez yana hango ta da idonsa a tsallake, da tutar wani a kanta. Mutanen Port Sa'id da Isma'iliyya da Suwez da aka kwashe daga garuruwansu saboda ruwan wuta sun san gidajensu suna nan, ba dai halin komawa. Bafalasɗinen da ya fita da makullin gidansa a aljihu ya fi kowa sanin wannan hali. Rashin da ba a yi wa jana'iza ba, iri ɗaya ne ko na mutum ne ko na ƙasa. Jama'a ba su ɗora wa waƙar abin da ba nata ba, sun gane ciwonsu ne a jikin ciwon wani.

Akwai kuma wani rashi da ke zaune a kan dandamalin kansa a daren farko. Muhammad al-Ƙasabji, wanda ya yi mata karin waƙoƙin da suka fito da ita tun shekarun 1920, daga baya ta daina karɓar karinsa, amma ya yarda ya ci gaba da zama a bayanta yana kaɗa ud a cikin makaɗanta shekara da shekaru, ya rasu a watan Maris na 1966, makonni kaɗan kafin a fara rera Al-Aɗlal. Ban ce don shi ta yi ba. Amma mutumin da ya yi shekaru yana zaune taku biyu daga wadda ta juya wa aikinsa baya, ya san abin da waƙar take faɗi tun kafin a rera ta.

Wanda yake so ya gwada abin da na faɗa, kada ya tsaya a kan takarda, ya nemi hoton bidiyon ɗaya daga cikin tarukan. Za ku gan ta zaune a kujera yayin da masu goge da ƙanun suke buɗe kiɗan, sai ta miƙe, da ƙyalle a hannu tana murza shi. Takan ɗauki layi ɗaya ta maimaita shi sau da yawa, kuma ba ta maimaita shi iri ɗaya. Layin neman sakin nan, wani zagayen umarni ne, har jijiyar wuyanta ta tashi, wani zagayen roƙo ne da murya ƙasa-ƙasa, wani zagayen kuma kamar mai gaya wa kanta abin da ta san ba za ta iya ba. Jama'a su yi ihu su nemi ƙari, ta juya ta yi wa makaɗa alama, a koma baya. Shi ya sa waƙar takan kai kusan awa guda, kuma ta daren nan ba ta zama ɗaya da ta wancan daren. Larabawa suna kiran halin da ake shiga a irin wannan zama ɗarab. Duk fassarorin da muka bi a nan, ita ta riga ta bi su da murya a kan layi guda, a gaban mutane, kuma takan duba fuskokinsu kafin ta zaɓi wadda za ta tsaya a kai.

Saura wuri ɗaya da nake da ja da yawancin masu sharhi. Waƙar ta ƙare da jingina komai ga hukunci da rabo, wasu kuma suna ɗaukar wannan a matsayin sallamawa, wai mai magana ya haƙura ya huta. Wasu masu sukar Ummu Kulsum ma, musamman bayan 1967, sun zarge ta da cewa irin waɗannan waƙoƙi suna sa jama'a barci, suna koya musu naɗe hannu. Ni ban ji haka ba. Ku tuna wannan mutum ne da a tsakiyar waƙar ya tuhumi abin sonsa da cin amana. Yana da hujjar da zai rufe da la'ana, kuma waƙoƙin da suka rufe da la'ana ba su ƙirguwa. Maimakon haka sai ya ɗauke laifin daga kan wancan, ya ɗauke daga kan kansa, ya roƙi cewa idan ranar haɗuwar ta zo kada ɗayansu ya ce da gangan aka yi. Har a lokacin yana kiransa masoyi. Mai wannan roƙo bai huta ba, yana ƙoƙarin tsare abu ɗaya da ya rage masa ne, wato cewa daren nan na farin ciki gaskiya ne, ba yaudara ba. Idan ya yarda wancan mugu ne tun farko, to har abin da ya wuce ya rasa. Ambaton rabo a nan shi ne katangar da ya kewaye kufan da ita don kada a mayar da shi juji, kuma mutum ba ya kewaye wurin da ya gama da shi.

Nan zan dakata. Na san a cikin malamanmu na Larabci akwai waɗanda ba za su bar ni in wuce da maganar Sufaye haka nan ba, ga fili.